Teburin da Ya Kwanta a Zauren Baba

A Belbeji, idan ka tambayi gidan Malam Haris sai an tsaya tunani. Amma ka ce gidan Ɗanmalam mai masauki, duk wanda ka tara zai nuna maka. Shi ne mahaifina. Shekarunsa sittin da uku bana, gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu tun ranar da wani bijimi ya taka shi a kasuwa.

Sana'arsa dillancin dabbobi, amma dillancin rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne masauki. Makiyayin da ya taso daga kwarin Tarka ko daga wajen Tenhya da shanu biyu ko tumaki goma yana buƙatar gidan da zai sauka, ya ɗaure dabbarsa, ya ci abinci, a kuma tsaya masa wurin ciniki kada a cuce shi. Ba a biyan kwana, ba a biyan tuwo. Abin da mai masauki yake samu shi ne la'adarsa in an sayar, sai kuma amana, wadda ita ce take dawo da baƙo kasuwa mai zuwa. Baba ya gaji aikin daga mahaifinsa, tare da zauren da ake yin sa a ciki.

Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Ranar da aka zo rubuta yara, kakanmu ya ɓoye shi cikin rumbu, ya yini a kan hatsi. Yakan ba da labarin yana dariya, amma mu shida da ya haifa babu wanda ya ɓoye. Ni ce ta biyar. Sunana na yanka Rahamatu, sunan mahaifiyarsa, shi ya sa gida ake ce mini Radiya, shi kuma yake kirana Uwata.

Cikin baƙinsa duka babu kamar Jibbo. Bafulatani ne dogo, siriri, da malfa mai jan baki wadda ba ya rabuwa da ita. Sun san juna tun lokacin babban fari na shekarar tamanin da huɗu, suna samari. Mahaifin Jibbo ya iso Belbeji da shanu shida da suka rage masa, da ƙyar suke tsayuwa. Kakanmu ya ba su bayan gida, aka kwance jinkar rumfa aka ba shanun suka ci, Baba da Jibbo kuma kullum suna yawon neman dusa da jaki ɗaya. Biyu suka rayu. Daga waɗannan biyun garken Jibbo na yau ya tashi. Da aka haife ni, ya ware wata jar karsana ya ce tawa ce, tana cikin garkensa. Ƴaƴanta ne suka saya mini littattafai tun daga kolej har jami'a. Ban taɓa yi masa godiya da baki ba, don ba na iya haɗa ido da shi, shi ma ba ya iya haɗa ido da ni.

Kakarmu Badagira ce, dangin Barebari, saboda haka akwai wasa tsakanin Baba da Fulani. Jibbo ba ya kiran Baba da suna, sai Babarbare. Baba kuma yana ce masa bawan kakana. In ka ji su daga nesa sai ka ce za a raba faɗa.

Akwai wata al'ada a gidanmu da na tashi na tarar. Jajiberin kasuwa, in baƙi sun sauka, Inna Raishatu, mahaifiyata, takan zuba tuwo a akusa uku ko huɗu. Baba ya ɗauka ya ajiye a bakin zaure, ya ce a yi bismilla, ya fice. Wani lokaci masallaci, wani lokaci wurin dabbobi. Ba ya dawowa sai ya ga an jera akusan a waje. Haka ya ga mahaifinsa yana yi, haka yake yi, bai taɓa tambayar dalili ba.

Shekara biyu da suka wuce na kare kundin ƙarshen karatuna a jami'a a Damagaram, abin da muke kira sutanans. Baba ya zo da babbar rigarsa ta sallah, ya zauna a layin gaba awa biyu yana sauraron Faransancin da ba ya ji. Bayan an tashi, mahaifin ƙawata Fa'iza, wani dattijo tsohon ma'aikacin gidan waya, ya gayyace mu cin abinci. A gidansu akwai tebur da kujeru takwas. Dattijon ya ja wa Baba kujera da kansa, ya zuba masa shinkafa da hannunsa, ya zauna suna fuskantar juna, suna ci suna hirar tsadar raƙuma. Duk lokacin da farantin Baba ya yi ƙasa sai ya ƙara masa nama.

Muka kama hanyar komawa masaukinmu. Sai da muka kusa isa Baba ya tsaya ya ce, "Uwata, mutumin nan yau ya fara ganina, ya zauna ya ci da ni. Ni shekara arba'in ina tare da Jibbo, ban taɓa sa hannu a abinci da shi ba. Ina ajiye masa akushi in fita, kamar mai kai wa ɗan kurkuku tuwo."

Da safe, maimakon tasha, sai ya ce in kai shi wurin masu sayar da tebura. Akwai kuɗin ragon da ya yi wata takwas yana kiwo don layya, ya sayar kafin ya taho saboda hidimar sutanans ɗina, kuma hidimar ba ta ci komai ba.

Mun shiga wuri uku. A na farko aka nuna masa mai gilashi. Ya leƙa ta sama ya hango takalminsa, ya ce wa ke son ganin ƙafar Jibbo yana cin tuwo. A na biyu aka nuna masa na ƙarfe, ya ce wannan in bazara ta yi sai ya gasa gwiwar hannun mutum. A na uku, wurin wani kafinta, muka tarar da na jan katako guda biyu, ɗaya mai faɗi, ɗaya dogo siriri. Nan Baba ya cire hula ya ba ni na riƙe. Ya zagaya su a hankali yadda yake zagaya sa a kasuwa. Ya tsuguna ya duba ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Ya danna tsakiya da tafin hannu, ya tura da ƙugu ya ga ko zai yi rawa, ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. Kafintan ya ce saura a buɗe masa baki a ga haƙora. Baba ya ce da yana da su ai da tuni an gani.

Siririn ya zaɓa. Ya ce mai faɗin yana nisanta mutane, sai an ɗaga murya, shi kuwa so yake in ya ɗaga kai ya ga fuskar abokinsa kusa. Sannan ya juyo gare ni ya ce ni ce mai karatu, in faɗi nawa.

Na ce ya yi kyau.

Gaskiya kuwa wani abu ya tsaya mini a rai tun lokacin. Shekara uku na yi ina cin abinci a resto, gidan abincin ɗalibai, kuma kullum kujerar lungu nake nema, wadda take kallon bango. In na tarar an riga ni, sai in zuba a kwano in tafi ɗaki. A gidan su Fa'iza ma loma huɗu na ci. Na san yadda abinci yake tsayawa a maƙogwaro in ido yana kanka. Amma Baba yana tsaye yana murmushi, ya ɗora hannu a kan katakon kamar wanda ya gama cinikin sa mai kyau, sai na yi shiru.

Aka ɗaure teburin da kujeru shida a saman kamiyo, babbar motar kayan ƴan kasuwa, ƙafafunsa a sama. Duk inda aka tsaya Baba sai ya sauka ya ja igiyoyin. Da muka isa Belbeji sai ya ƙi shiga ƙofar zaure. Aka kira magini ya fasa gefen ƙofar, aka shigar da shi, aka sake ginawa. Baba ya ce tunda yanzu akwai kaya mai daraja a ciki, a sa ƙofar ƙarfe. Wadda aka samu ta fi tsohuwar ƙanƙanta, aka rage ginin daidai ita. Inna ta leƙo ta ga teburin ya cinye rabin zauren, ta ce Malam ya kawo mana baƙon da ba ya tafiya.

Ni lokacin ina gida, ina jiran a tura ni wurin aiki, saboda haka duk abin da ya biyo baya a idona aka yi.

Jajiberin kasuwa ta farko, Jibbo ya iso bayan la'asar tare da Hassan, mijin babbar ƴarsa, da wasu mutanensu biyu. Akwai kuma wani Buzu daga arewa da ya kawo raƙumi. Jibbo ya tsaya a bakin zaure yana kallon teburin, ya ce Babarbare ya sayi gado ya rasa kuɗin katifa. Baba ya ce ba laifinsa ba ne, wanda ya girma a gindin ƙaya ina zai san kayan birni. Aka yi dariya. Sai Baba ya ja wa kowa kujera. Ya zaunar da Jibbo daidai gabansa, ya sa Hassan a gefensa na dama, wato ido da ido da surukinsa.

Ni na shigo da ruwan wanke hannu da faranti. Baba ya zuba wa kowa da kansa, yadda ya ga an yi masa. Ya ci sosai, yana ci yana ba da labarin Damagaram. Jibbo ya yanki loma ɗaya ya daɗe yana mulmula ta a hannu. Hassan kansa a ƙasa, can ya ce bari ya duba dabbobi, bai dawo ba. Buzun ya ɗaga gefen rawaninsa ya shigar da cokali sau biyu, ya ajiye. Daga baya Jibbo ya ce sun sha fura a hanya, cikinsu a cike yake.

Tuwon ya koma cikin gida kusan yadda ya fito. Baba ya ce ƙila miyar ce. Inna ta ce shekara talatin da bakwai tana yin miyar nan ba a taɓa dawo mata da ita ba. Kasuwa ta biyu aka ƙara nama. Ta uku aka yi shinkafa. Duk haka. Ran ta ukun na zagaya bayan gida zan kai wa tumaki dusa, sai na hango Jibbo tsugune a gindin katanga, ya ba duniya baya, yana tauna busasshen cuku da sauri. Na koma da baya ban bari ya gan ni ba.

Kasuwa ta huɗu bai zo jajiberi ba, sai da safe ya ɓullo, ya ce ya kwana a bayan gari kusa da dabbobi. Ta biyar bai zo ba ko kaɗan, aka kuma ga bijimin Hassan a hannun wani dillali. Jibbo shi ne babba a mutanensa, inda ya sa ƙafa nan suke sawa. Zauren da yake cika har a shimfiɗa tabarma a waje ya koma mutum biyu, mutum ɗaya.

Ba la'adar ce ta dami Baba ba, ko da yake ita ma ta ragu. Ya daina wasa. Yakan zauna shi kaɗai a kan kujera ɗaya cikin shidan, yana jan carbi, yana bin tsofaffin cinikai ɗaya bayan ɗaya ko akwai inda ya saɓa wa Jibbo bai sani ba. Wata rana na ji yana ce wa Inna, in shekara arba'in za ta ƙare, ai ko a faɗa wa mutum laifinsa.

Dado, matar Jibbo, takan kawo wa Inna nono da man shanu, a auna mata hatsi. Ranar da ta zo, Inna ta tambaye ta kai tsaye. Dado ta ce lafiya lau, ciyawa ce ta yi nisa. Sai da Inna ta shiga ɗaki, ina auna mata hatsin, ta matso ta rage murya.

"Ƴata, tsohon nan duk kasuwa kwana biyu yake yi da yunwa a gidanku. Ya dawo yana jiri. Ni da na haifa masa bakwai, ban taɓa tsayawa na ga loma ta shiga bakinsa ba. To balle gaban mijin ƴarsa."

Na ce me ya hana shi faɗa wa Baba.

Ta ce ta yaya zai faɗa, alhali ya san don shi aka kashe kuɗin rago. Ta ce su suna kiran abin semtende, kunya ke nan, amma tasu ta fi tamu nauyi wurin ci. Mutum ya buɗe baki yana tauna a gaban wanda yake girmamawa, ai kamar ya tuɓe ne. Ta ce kakanmu ya san haka, shi ya sa yake ajiyewa ya fita, kuma shi ya sa tun farko mahaifin Jibbo ya zaɓi gidanmu. Ta ɗaure bakin buhunta ta ce kada in ce daga bakinta na ji.

Kwana biyu maganar tana cikina. A gaban malamai uku na tsaya na kare kundi, amma in je in ce wa mahaifina abin da ya yi don ƙauna shi ne ya kori abokinsa, wannan ya fi ƙarfina. Na faɗa wa Inna ina fatan ta ɗauke mini. Ta ce in ta faɗa zai ce haushin miyarta ne. Ta ce ni aka tambaya a wurin kafinta, ni zan amsa.

Rana ta uku bayan la'asar na same shi a tsakar gida yana tufka igiya. Na zauna nesa kaɗan. Ban fara da Jibbo ba, da kaina na fara. Na ba shi labarin resto, da kujerar lungu, da kwanon da nake ɓoyewa cikin jaka. Na gaya masa ranar da ya ci ya ƙoshi a gidan su Fa'iza, ni da yunwa na tashi. Ya ajiye igiyar.

"Shekara uku kina cin abinci da bango, Uwata?"

Na ce e. Na ce kuma na ga Baba Jibbo yana ci da bangonmu na baya. Na ce tun a wurin kafinta ya kamata in yi magana, ya yafe mini.

Da farko ya yi gardama. Ya ce ya san kunyar Fulani tun kafin a haife ni, amma wannan tsakanin baƙi ne. Mutumin da suka yi yawon neman dusa da jaki ɗaya, wace kunya ta rage tsakaninsu bayan shekara arba'in? Inna tana tankaɗe a bakin madafa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, ɗanka na fari shekararsa talatin da biyar. Kira mini sunansa in ji."

Yaya Abdulmajid ke nan. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, sai wancan, ko mutumin Agadas, don can yake aiki. Ya ɗauki igiyar ya juya ta, ya sake ajiyewa. Can ya ce, ashe rago ya sayar ya sayo abin korar baƙi. Ya ce ubansa da bai taɓa zuwa birni ba ya fi shi sanin karɓar mutane.

Washegari da sassafe ya hau kabu-kabu, babur ɗin haya, zuwa rugar su Jibbo, can cikin kwarin Tarka. Ban bi shi ba, shi ya ba mu labari da ya dawo. Ya ce an shimfiɗa masa tabarma a gindin aduwa, aka kawo ƙwaryar madara mai ɗumi aka ajiye, sai kowa ya sami abin yi. Jibbo ya tafi duba ɗan maraƙi, matan suka koma bayan bukka. Ya ce ya sha har ta zubo masa a gemu, ya goge da hannun riga, babu wanda ya gani. Ya ce sau nawa aka yi masa haka a rugar nan, bai taɓa lura karramawa ce ba.

Sun yi hirar ciyawa da rijiyoyi. Ba wanda ya ambaci yunwa. Sai da zai hau babur ya ce wa Jibbo gadon nan zai fitar da shi, ya tare masa hanya. Jibbo ya ce dama Babarbare bai taɓa sayen abin kirki ba sai wanda Bafulatani ya zaɓar masa. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

Jajiberin kasuwa, tun azahar, Baba ya kira maƙwabta biyu a fitar da tebur. Sai a lokacin aka tuna ƙofar ƙarfe. Aka gwada a tsaye, ya ƙi. Aka kwantar da shi a gefe aka gwada ƙafafu gaba, ƙafa biyu suka fita, biyu suka maƙale. Aka dawo da shi aka juya, haka. Aka aika neman maginin, aka ce ya tafi Tanut sai jibi. Maƙwabtan suka gaji suka bar shi kwance a gefensa, ya gitta tsakiyar zauren, samansa ya zama kamar ƴar katanga mai kai wa ƙugu. Baba yana tsaye jiƙe da gumi ya ce a kawo masa gatari. Inna ta ce ba da ragon layyarta za a hura wuta ba. Ta sa na shimfiɗa tabarmi a inda ya rage, wasu ta nan, wasu ta can.

Muna cikin haka aka yi sallama. Jibbo ne, Hassan a bayansa riƙe da igiyar bijimi, da wasu mutum uku.

Jibbo ya shigo ya daɗe yana kallon teburin. Ya ce ashe yana da ladabi, ya ga manya ya kwanta. Ya zagaya bayansa da butarsa da sandarsa ya zauna a kan tabarma. Daga inda nake, a ƙofar cikin gida, ƙololuwar malfarsa kawai ake gani.

Da tuwo ya fito, a akusa aka zuba kamar da. Hassan ya ɗauki ɗaya shi da sauran suka nufi wurin dabbobi. Baba ya miƙa ɗaya ta saman katakon, hannun Jibbo ya karɓa. Baba ya ce a yi bismilla, ya juya ya sa takalmi zai fita.

Sai muryar Jibbo ta fito daga bayan tebur.

"Ina za ka, Babarbare? Zauna nan wajenka. Ai ba na ganinka."

Baba ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya waiwayo ya kalle ni. Na koma ciki da sauri na ce wa Inna ta zuba wani akushin. Ya zauna ta wannan gefen, ya jingina bayansa da katakon, Jibbo yana ta wancan. Na ajiye masa ruwa na ja ƙofa, amma ban yi nisa ba. Na ji Jibbo yana cewa gishiri ya yi yawa, Barebari ba su san komai ba sai kanwa da gishiri. Na ji Baba yana cewa wanda ya yi kasuwa uku yana cin cuku a bayan katangar mutane bai isa ya kushe miya ba. Na tsorata. Sai na ji dariyar Jibbo, bakinsa cike da tuwo. Akushinsa ya dawo a sharce, ya kuma aiko a ƙara.

Da maginin ya dawo daga Tanut ya zo da gudumarsa, Baba ya ba shi goro ya ce a bar ƙofar.

Teburin yana nan kwance har yau. A ƙafafunsa na sama baƙi suke rataya igiyoyi da goruna. Kujerun sun watse, huɗu suna wurin mai shayin ƙofar gida, ɗaya Inna take hawa ta ciro abu a saman rumfa, ɗaya na taho da ita Tanut inda nake koyarwa yanzu. Zauren ya sake cika. Wanda yake son kaɗaici ya ɗauki akushinsa ya fita, Baba da Jibbo kuwa kowane jajiberi suna nan, wannan ta nan, wancan ta can. Har yanzu Baba bai huce da ragon ba. Duk layya sai ya kalli wanda aka saya ya ce bai kai rabin wancan ba, sannan ya harari zaure.

Jar karsanar ta mutu tuni, amma jikarta tana garken Jibbo, bana ta haifi mace. Hassan ne ya kawo mini labarin, yana kallon ƙasa, ina kallon ƙasa. Na sayi shayi da sukari da sabuwar malfa na bayar a kai wa Jibbo, ban ce daga wa ba.

Hutun da ya wuce na je gida, Baba ya dawo daga kasuwa da ƙunshin tsire mai zafi. Da, a tsakar gida yake buɗewa ya kira kowa, ni kuma in ɗauki tsinke ɗaya in ce na ƙoshi. Wannan karon ya ware wani a takarda daban, ya ajiye a bakin ɗakina, ya ce a yi bismilla, Uwata. Sannan ya ce bari ya je ya duba tumaki, ko da yake tumakin suna nan gabansa suna tuƙa.